Likita Ta Ce Zane

Salih ɗan Hajja Mero ya dawo daga yaƙi da ƙafafunsa biyu da hannuwansa biyu, abin da ba kowane gida a ƙauyenmu ya samu ba. Baki ne kawai bai dawo da shi ba. Sai ya yini a bakin angareb, gadon igiyarmu, bai ce maka ci kanka ba, idan kuwa babur ya yi ƙara a hanyar gona, sai dai a zaro shi daga ƙarƙashin gadon. Ni Ibtisam maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba mu, ni ce kuma ungozomar ƙauyen, don haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsinto shi ba. Akwai hannuna a ciki, kuma zan faɗi wannan ma idan na zo wurin.

Yayansa Maliki bai je yaƙi ba. Ranar da 'yan bindiga suka doshi ƙauyukanmu na Jazira, shi ne na farko a bayan motar da ta yi gabas, ko takalminsa bai tsaya nema ba. Amma tun da ƙanensa ya dawo, babu wanda ya kai Maliki sanin yaƙin nan. Kullum bayan la'asar zai zauna a diwan, ɗakin baƙi na maza, a dafa masa gahawa, ya shiga ba da labarin yadda Salih ya ƙwace motar yaƙi shi kaɗai. Sati na zagayowa motar ta zama biyu. Kafin a cire auduga ta kai huɗu. Ba don Allah yake wannan wahala ba, shugabancin lajnar ƙauye, wato kwamitin gari, yake nema, kuma ya lura cewa gidan jarumi ba a ƙi zaɓensa.

Ana cikin haka Salih ya tsinci gawayi a murhun gahawa. Ya shiga ɗakinsa da shi tun hantsi, bai fito ba sai azahar, hannunsa baƙi ƙirin. A ranar ya cinye kwanon kisra, gurasarmu ta dawa, tas, har ya nemi ƙari da ido. Washegari ma haka. Cikin kwana goma mutumin da ke firgita da faɗuwar cokali ya fara fitowa tsakar gida ya yi alwala da kansa, ya gaida uwarsa da kai. Na shiga ɗakin wata rana kai masa ruwan zafi, na tsaya turus. Bangon nan huɗu ya cika da mutane. Ga wani soja yana ɗinke takalminsa da waya, ga wani ya buɗe baki yana barci a zaune, ga wasu uku sun haɗa kai a kan kwano ɗaya. Ban taɓa sanin hannun da ya tashi da fartanya zai iya haka ba, kuma raina ya yi fari ƙwarai.

Magana ta fita. Sabah, wadda mijinta Nasir ya tafi tare da Salih bai dawo ba, ta zo da gefen kwali a hannu. An ƙwace wayarta lokacin da aka shiga ƙauyen, duk hotunan mijin suka tafi da ita, 'yarta ƙarama kuma tana tambaya yaya kamannin babanta. Salih ya karɓi kwalin, ya yi sa'a guda a kai, ya miƙa mata Nasir da wushiryarsa da tabon girarsa. Sabah ta rungume kwalin ta fita ba ta iya ko godiya ba.

Har zuwa nan Maliki bai damu ba. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne ranar da bangon ɗaki ya ƙare, Salih ya fito katangar tsakar gida, wadda ke kallon ƙofar diwan. A nan ya yi wani babban hoto: mutum a cikin magudanar ruwan gona, ruwa har wuya, ya cusa kansa cikin ciyawa, idanunsa kamar za su faɗo, ba bindiga a hannunsa. Da la'asar baƙi suka taru, Maliki ya kai ga mota ta uku, sai wani dattijo ya leƙa waje ya ce, "To wai wannan da ke cikin ruwa, ba Salih ba ne?"

Salih yana tsugune a gindin katangar. Ya ɗago ya ce, "Ni ne. Kwana biyu na yi a ciki."

Maganarsa ta farko ke nan cikin wata bakwai. Hajja Mero, da ke tankaɗe a bayan zana, ta saki rariya ta fashe da kukan murna. A diwan kuwa kowa ya sa ido a kofinsa. Ba wanda ya sake tambayar mota ta huɗu.

Da asuba Maliki ya ɗebo ruwa a bokiti ya wanke katangar. Salih ya sake yi. Maliki ya sake wankewa. Daga nan ilimin addini ya sauko wa Maliki gaba ɗaya, mutumin da sai an yi raka'ar farko yake shiga sahun Juma'a. Ya ce hoton mai rai haramun ne, mala'iku sun daina shiga gidan. Ya ce shigowar Sabah gidan namiji marar mata abin kunya ne, alhali a gaban Hajja aka yi komai. Ya ce duk wanda bai koyi abu ba ya wayi gari yana yi, to ba shi ne ke yi ba, akwai mai yi a jikinsa. Ya kwashe gawayin gidan ya kulle a ɗakinsa, har gahawar Hajja sai an roƙe shi.

Kwana huɗu Salih ya koma ƙarƙashin gado. Ya daina cin abinci. Ina jin sa ta katanga yana kankarar bango da farce.

Ni na matsa a kai shi asibiti a Wad Madani. Maliki ya yarda don kada a ce ya hana, muka shiga ƙaramar bas mu huɗu. Ɗakin likitar ƙarami ne, gwiwoyin Hajja kuma ba sa son tsayuwa, sai muka bar ta a benci a waje. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta saurare ni, ta saurari Maliki, sannan ta tura wa Salih takarda da biro. Ya zana mata fankar da ke bisa kanta, ba ta juyawa. Ta yi dariya, shi ma bakinsa ya motsa. Ta rubuta ƙwayoyi, ta juya ga Maliki ta ce masa da Larabcin da ko jaririn Jazira zai gane, "Halluhu yarsum." Wato ku bar shi ya yi ta hotunansa. Ta ce abin da ya gani a can ba zai fito ta baki ba tukuna, ta hannu yake fita, kada a tare masa hanya ko rana ɗaya. Ta ciro littafi da fensir uku ta miƙa wa Maliki, don shi ne babba. Ya sa su a aljihun jallabiyarsa yana ta godiya.

Da muka fito Hajja ta kamo gefen mayafina. "Mi likita tac ce, ɗiyata?"

A nan ne na yi abin da har gobe ba zan yafe wa kaina ba. A ƙauyenmu ba wanda ke kiran wannan aiki da Hausa. Rasim muke cewa, kamar Larabawa, tsoho da yaro. To ni mai sauraron rediyon Hausa ce, ina jin yadda 'yan Nijeriya ke magana, kuma ina son a san cewa Hausata ba ta gauraye ba. Sai na gyara murya na ce, "Ta ce zane ne maganinsa, Hajja. Kullum, kada a fasa ko rana ɗaya."

"Zane?"

"Zane."

Ta saki mayafina, ta dafe ƙirji, hawaye suka zubo. Na ɗauka na sauƙin zuciya ne. Ban tuna ba cewa a kunnen tsohuwar da aka haifa a ƙauyenmu, zane iri biyu ne kawai: wanda ake ɗaurawa a ƙugu, da wanda ake yi wa mutum da bulala. Maliki kuwa ya tuna. Ya dube ni, ya dubi uwarsa, ya ce a hankali, "Kin dai ji, Inna. Ba ni na hwaɗi ba."

Washegari aka zo da keken jaki aka ɗauke ni zuwa wata naƙuda a bukkokin 'yan cirani, haihuwar ta zo da gardama, ban dawo ba sai bayan kwana biyu. Na tarar ɗakin Salih a buɗe, an shafe bangon da farar ƙasa, Hajja tana zaune a ƙofa da carbi.

"Ina Salih?"

"Maliki ya kai shi masid, wajen Faki. Tunda likita da kanta ta ce a zane shi, ai gara hannun malami da hannun kowa."

Na zauna a ƙasa. Masid ɗin na san shi, kowa ya san shi: wani gidan karatu ne a bakin kogi inda ake kai masu taɓin hankali, a sa musu mari, a rage musu abinci, a kuma ba su bulalar dorina safe da yamma har aljanin ya gaji ya fita. Na ce, "Hajja, rasim nake nufi. Rasim. Likita cewa ta yi a bar shi ya yi ta hotunansa."

Na ga maganar ta shiga, na kuma ga ta tura ta waje, don in ta bar ta ta zauna, to ita ce ta ɗaure wa ɗanta kayansa da hannunta ta sa masa albarka zuwa wurin duka. Ta ce, "Ai Maliki na cikin ɗakin likita ranar. Ya hi ki jin Larabci. Da ba haka ta ce ba, da ya gaya min."

Na sami Maliki a diwan yana yanke farce. Na ce, "Yaya Maliki, ka ji abin da likita ta faɗa da kunnenka. Ina littafin da fensir?"

"Ya Ibtisam, ke kika yi tarjama, ba ni ba."

"Na yi kuskure, na zo gyarawa. Tashi mu ɗauko shi."

"Halas, an riga an fara. Faki ya ce in aka katse kafin arba'in, abin komawa yake ya ninka. Kina son ki ɗauki alhakin?" Ya hure farcensa. "Kuma ya'ni, maganin likita daban, na malam daban, duka muna haɗawa. Ɗan'uwana ne, ciki ɗaya. Akwai wanda ya fi ni son lafiyarsa?"

Ƙwayoyin likitar suna kan taga a bayansa, ko ledar ba a kwance ba.

Na je wurin shehun ƙauye, wato mai garinmu. Ya ce maganar gida ce, shi ba ya raba wa da ƙane. Na je wurin liman. Ya ce lallai duka ba shi da kyau idan ya yi yawa, amma hoto ma akwai magana a kansa, Allah dai ya ba da lafiya. Na koma Wad Madani, likitar ta rubuta takarda da hatimi, da manyan haruffa, cewa a dawo da shi nan take. Maliki ya karɓa da hannu biyu, ya karanta har ƙasa, ya ce ma sha Allah, rubutunta da kyau, ya ninke ta ya sa ƙarƙashin tiren gahawa. A satin nan ne motocin suka dawo diwan. Yanzu har da ƙarin bayani: wai abin da jarumin ya gani na jini ne ya sa iska ta shige shi, shi ya sa yake zana ƙarya a kan kansa. Masu shan gahawa suka gyaɗa kai, don wannan ya fi daɗin ji.

A rana ta goma sha tara na sami shiga masid. Na tarar da shi a gindin wata bishiyar darbejiya, mari a ƙafa, ya rame har haƙarƙarinsa na ƙirguwa ta cikin riga. Hannunsa na dama an ɗaure shi da igiya daga wuyan hannu, an rataye a reshe sama da kansa. Yatsun sun kumbura, sun yi baƙi, bayan hannun duk sawun dorina ne, wani a kan wani.

Fakin ya zo da kansa, dattijo mai fara'a, mai ƙanshin turare. Ya yi mini bayani kamar mai koya wa yara karatu. Ya ce da farko a baya suke dukan, sai suka lura ko an gama, yana tsugunawa ya yi ta jan layi a ƙasa da yatsa. A nan suka gane inda aljanin ya yi gida. Ya ce, "Yayansa ma ya tabbatar mana, ya ce duk fitinar daga hannun nan take."

Na ce, "Sayyidna, jini ba ya zuwa yatsun nan. In ba a kwance ba hannun zai mutu."

Ya yi murmushi. "Wanda ke ciki ne zai mutu, 'yata."

Na matsa kusa da Salih na kira sunansa. Ya buɗe ido ya gane ni. Na ɗauka zai ce in fitar da shi, ko in kira uwarsa. Sai ya ce, "Ibtisam, akwai sauran mutum shida ban yi ba. Ina tsoron kada fuskokinsu su ɓace min."

Na kai hannu ga igiyar, wasu ƙarti biyu suka riƙe ni suka raka ni har bakin ƙofa cikin ladabi. Na yi kuka a hanya har na rasa inda zan sa kaina. Na je ofishin 'yan sanda a garin da ke kusa, wanda ke kan tebur ya tambaye ni mene ne dangantakata da shi. Na ce maƙwabciya. Ya rufe littafinsa ya ce waliyyinsa ya zo.

Ranar arba'in aka dawo da shi a bayan mota. Ba ya shiga ƙarƙashin gado kuma, ko babur ya wuce ta gabansa ba ya ƙiftawa. Inda aka ajiye shi nan za a dawo a same shi. Hannun dama ya kanannaɗe a ƙirjinsa, yatsu huɗu sun lanƙwashe cikin tafi, babban yatsa ya kwanta a kansu. Na soka masa allura a kan yatsa don in gwada, bai ko duba ba. Maliki ya buɗe ɗakinsa ya fito da buhun gawayin nan ya ajiye a tsakar gida da gangan. Salih ya wuce ta gefensa sau uku a ranar bai kalle shi ba. Maliki ya ce, "Kun gani? Ya warke."

Don haka aka yanka rago aka yi karama, walimar godiya ga Allah. An zaɓi Maliki shugaban lajna kwana uku kafin nan, sai murna ta zama biyu. Aka shimfiɗa tabarmi daga diwan har titi. Shehun ƙauye ya zo, liman ya zo, Faki ya aiko da wakili. Aka sa wa Salih tsohuwar rigarsa ta soja, wadda yanzu mutum biyu irinsa za su shiga, aka zaunar da shi a tsakiya kusa da yayansa. Liman ya yi addu'a ga jarumanmu da suka tsaya mana. Wani ya roƙi Maliki ya sake ba da labarin motocin, ya yi ta noƙewa kamar ba ya so, sannan ya bayar.

Ni na dafa miyar, don Hajja ta roƙe ni, kuma ban iya ce mata a'a ba. Ina tsaye a bayan zana ina kallo ta wata kafa lokacin da aka sauke babban tire a gabansu: tuwon asida, miya, da nama a gefe. Aka yi bismilla, hannuwa suka shiga. Salih ya dubi tiren ya daɗe. Ya ɗago hannun dama da ƙyar ya kai bakin tuwon, yatsun suka ƙi buɗewa, sai dai ya dangwali miya da bayan hannu. Ya sake gwadawa, haka. Sai ya sauke shi a cinya, ya miƙa na hagu a hankali ya gutsuro loma.

Maliki ya kama wuyan hannun tun lomar ba ta bar tire ba. Bai ɗaga murya ba, mutum ne mai sanin ya kamata a gaban baƙi. Ya ce, "Haba Salih. Da hagu, a gaban malamai? Ba haka Inna ta tarbiyyantar da mu ba."

Liman ya ce, "A yi masa uzuri, a hankali zai tuna."

Salih ya saki lomar. Ya mayar da hannun hagu kan cinyarsa kusa da na daman, ya zauna yana kallon tiren. Mutum tara ne a kan tiren nan, dukansu sun san abin da ya sami hannun, dukansu sun san wanda ya sa, kuma ba a samu ko ɗaya da ya ɗebi loma ya kai masa baki ba. Suka ci, suka yaba laushin naman, suka suɗe yatsunsu na dama ɗaya bayan ɗaya. Hajja Mero tana gefena, ita ma ta gani ta kafar. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce wai hayaƙi ne ya shiga idonta, ta koma wajen tukwane.

Aka ɗauke tiren, aka zagayo da buta da sabulu ana zuba wa baƙi ruwa. Da mai butar ya iso kan Salih, sai ya dubi hannuwansa, ya ga ba abin wankewa, ya wuce na gaba.